Tsakanin Masu Yi Wa Hoto Sujada Da Masu Cinna Masa Wuta

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwananmu da ofisoshinmu, tun ana faɗinta cikin raha har ta fara zama kamar karatu. Wai Bahaushe bai san soyayya ba, aure kurum ya sani. In ka nemi hujja, sai mai maganar ya nuna maka wani hoto da ya manna a bango, na wasu Turawa biyu baki da baki, gashinsu ya nannaɗe su kamar yaɗon kabewa, ya ce ko ka taɓa ganin an zana irin wannan a ƙasar Hausa? Kafin ka buɗe baki, ga wani can ya taso da ashana a hannu, yana cewa ai wannan hoto, da duk wani hoto mai mace da namiji a ciki, fasiƙanci ne tsagwaronsa, ba shi da magani sai wuta.

Mu dai a ganinmu waɗannan mutane biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin ciwo ɗaya ke damunsu, watau ba su iya karatun hoto ba. Wanda bai iya karatu ba in takarda ta zo hannunsa, ko dai ya rataya ta a wuya kamar laya, ko kuwa ya hura wuta da ita. Abin da aka rubuta a ciki bai shafe shi ba. To, tun da an tara mu a jami'a ne don mu koyi karatu, bari mu ɗauki hotunan nan mu karanta su, mu ga ko abin da ake ɗora musu suna ɗauke da shi.

Salon zanen da ake ta yi mana tutiya da shi ya yi tashe ne a Turai daga wajen 1890 zuwa 1910. Sunansa da Faransanci Art Nouveau, watau Sabon Salo, kuma sunan ya bazu ne daga wani kanti da wani ɗan kasuwa haifaffen Jamus, Siegfried Bing, ya buɗe a Faris a watan Disamba na 1895. Alamarsa ita ce layi mai lanƙwasa, wanda ke tafiya yana murɗewa kamar hayaƙi ko reshen furanni. Yawancin hotunan da suka yaɗa shi bugawa aka yi. Mai zane zai sassaƙa siffar a jikin katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda, kamar yadda ake buga hatimi. Wani kuma a kan dutse mai santsi zai zana da alli mai maiƙo, tawada ta kama inda maiƙon yake, ta ƙi inda ruwa ya jiƙa. Ta haka zane ɗaya sai ya haifi ɗaruruwa, ya fita daga gidajen masu hannu da shuni ya hau bangon titi. A riƙe wannan da kyau, domin abin da ake bugawa da yawa, galibi akwai abin da ake son sayarwa da shi.

Hoton da aka fi nuna mana shi ne wanda Bajamushen nan Peter Behrens ya sassaƙa a katako a 1898, ya sa masa suna Sumba, mujallar Pan ta Balin ta buga shi. Mai yi masa sujada yana ganin leɓe ya haɗu da leɓe, shi ke nan ya gama karatu. Amma a sake dubawa. Fuskokin nan biyu kusan iri ɗaya ne, har da ƙyar za ka ce ga namijin ga macen. Babu kafaɗa, babu hannu, babu gangar jiki ko kaɗan. Abin da ya cinye takardar shi ne gashi, wanda ya sarƙe da juna har ba ka iya cewa wannan silin na wane ne. Ashe maganar da mai zanen yake yi tana cikin ƙullin ne, watau rayuka biyu sun ɗaure har an rasa bakin zaren. Wanda ya tashi yana ganin dagi a bangon gidajen Zariya da Kano, yana ganin yadda mai ɗinki ke sarƙa zare a wuyan babbar riga, shi ya fi cancanta ya gane wannan magana da wuri. Abin kunya ne a ce shi ne ya tsaya yana kallon leɓe.

Sai hoto na biyu, wanda masu sujada ba su cika ambatonsa ba. A wannan shekara ta 1898, Félix Vallotton, mutumin Siwizalan da ke zaune a Faris, ya fitar da jerin hotuna goma na bugun katako, baƙi da fari kawai, a kan abin da ke gudana tsakanin mace da namiji in an rufe ƙofa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mutum biyu rungume da juna a kan doguwar kujera, macen ta kai bakinta kunnen namijin, shi kuwa ya lumshe ido don daɗi. Ko kun san sunan da ya ba wannan hoto? Ƙarya. Wani kuma ya nuna mace da fararen tufafi a bakin taga ta kau da kai, namiji na tsaye a bayanta yana yi mata magana, baƙin rigarsa ya bazu ya haɗiye fiye da rabin takardar. Sunan wannan Kuɗi. Tirƙashi! Ga Bature da kansa, a tsakiyar Faris, yana gaya wa 'yan'uwansa cewa runguma ba shaidar ƙauna ba ce, sau da yawa ma mayafin yaudara da ciniki ce. Amma ɗan bokonmu ya ƙetare wannan darasi ya zo yana auna zuciyar iyayensa da ma'aunin da masu shi suka ce algus ne.

Na uku shi ne Alphonse Mucha, mutumin ƙasar Cek, wanda ya yi suna a Faris tun daga 1895 da hoton tallan wasan 'yar wasan kwaikwayon nan Sarah Bernhardt. Hannunsa gwanin kyau ne, ba mu musanta ba. Amma matan nan nasa masu lumshe ido da gashi har gadon baya, me suke yi? Wadda ya zana a 1896 tallan takardar naɗa taba take yi wa kamfanin JOB. Saurayi da budurwar da ya zana suna zance a cikin furanni wajen 1900, biskit ɗin kamfanin Lefèvre-Utile suke talla. Watau ɗan jari-hujja ya gano cewa sha'awa na buɗe aljihu, sai ya ɗauki mai zane haya. Wanda ya rataya irin wannan a ɗakinsa yana cewa ga soyayya ta gaskiya, daidai yake da wanda ya ji mai tallan maganin basir a tasha ya ce ya ji wa'azi.

Bugu da ƙari, shi kansa layin nan mai lanƙwasa aro ne. Bing ɗin da muka ambata, kafin ya buɗe kantinsa, dillalin hotunan bugun katako ne na Japan, kuma daga waɗannan hotuna ne masu zanen Turai suka koyi shimfiɗa launi da jan layi ɗaya tak ya ba da siffa. Jan Toorop, wanda ya yi fice da wannan salo a Holan, a tsibirin Jawa aka haife shi a 1858, kuma dogayen hannuwan matan da yake zanawa sun ɗauko kamanni daga 'yan tsanan wasan inuwa na Jawa. A Beljiyam kuwa, a 1897 Sarki Leopold na Biyu ya shirya baje koli a Tervuren don tallata mulkinsa na Kwango, gwanayen Sabon Salo suka ƙawata zaurukan da katako da hauren giwa na Kwango, aka kawo mutanen Kwango 267 aka baje su ana kallo kamar dabbobi, bakwai daga cikinsu suka mutu a can. Sunan da Turawa ke kiran wannan layi mai murɗewa shi ne shauɗin bulala. Mutanen Kwango na zamanin sun san bulala, amma ba a takarda ba.

Kada wani ya ce wannan duk labarin nesa ne. Mu je Jibiya, a bakin iyakar Jihar Katsina da Jamhuriyar Nijar, mu tsaya a Riko ko a Magama mu ga abin da ke cikin akwatin lefe. Atamfar Holan da ake tinƙaho da ita, wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond ya shahara da ita, bugun zane ce ita ma, kuma kwaikwayon rinin kakin mutanen Jawa ne, watau kakarta ɗaya da zanen Toorop. Shekara da shekaru atamfa na sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, ta hauro Maraɗi, ta tsallako ta wannan yanki, wata ta gaban kwastan wata ta bayansu, har ta isa Kantin Kwari a Kano. Ashe bugun zane ya daɗe da shiga maganar ƙauna a ƙasarmu, sai dai mu ɗaura shi muke yi a jiki. Tsohuwar da ke buɗe lefe a Riko, tana ɗaga turmi ta duba zanensa da nauyinsa ta faɗi matsayin yarinya a zuciyar dangin miji, ta fi ɗalibinmu mai digiri iya karatun hoto nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani layi da aka ja a Faris a shekarar da Behrens ya sassaƙa Sumbarsa. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a yarjejeniyar raba ƙasashen nan namu, suka sake gyara ta a Landan a 1904 da 1906, har Maraɗi ta faɗa rabon Faransa, Katsina ta faɗa rabon Ingila. Alhali kuwa Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, har sarkinta ake kira Sarkin Katsina. Wannan layi bai lanƙwasa don kowa ba. Ya ratsa tsakanin wa da ƙane, tsakanin saurayi da gidan da yake zuwa zance. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris na 2024. Duk da haka ba a fasa neman aure tsakanin ƙauyukan Jibiya da na Ɗan Isa ba. Mutumin da ya bi ta gona da daddare, ya kauce wa shinge, ga fargabar 'yan bindiga, don kawai ya gaida matarsa da ta je wankan gida, shi ne za a ce bai san ƙauna ba saboda ba a zana shi yana sumba ba?

Gaskiyar magana ita ce kowace al'umma da haruffan da take rubuta ƙauna da su. Namu haruffan suna cikin kunya da kara. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta har ta tsufa, sai dai ta ce maigida ko malam, wannan shirun nata magana ce. Budurwar da ta fito zance ta tsaya nesa kaɗan, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyale, tazarar da ta bari magana ce, kuma saurayin ya san ma'anar in tazarar ta ragu da taki ɗaya. Hular da aka kwana ana ɗinkawa, da toshin sallah, da furar da aka dama aka rufe da sabon faifai aka ba ƙaramin yaro ya kai, duk wasiƙu ne ga wanda ya iya karatu. Mai zanen da ya san aikinsa zai iya cika takarda da ƙauna ta hanyar tabarma ɗaya, fitila ɗaya da mutum biyu da ba su taɓa juna ba. Wannan ma ya fi wuya, don haka ya fi nuna gwaninta.

Amma fa kada a ɗauka muna cewa komi namu zuma ne. Wancan baƙin da ya haɗiye takardar Vallotton muna da shi a gida. Tun shekarun 1930 littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ba da labarin attajirin da ya raba saurayi da budurwarsa da ƙarfin dukiya, da irin masifar da ta biyo baya. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, ta fallasa mazan da ke auri-saki da masu watsar da iyali. Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990 a kan 'yar masu kuɗi da ɗan talaka. Auren dole, da tsadar lefe da ke mai da 'ya mace hajar kasuwa, da sakin wulaƙanci, marubutanmu sun kama su da alƙalami. Abin tambaya shi ne, ina masu zanenmu? Me ya sa littafin da aka rubuta da Hausa tsantsa, a kan yarinyar Fagge ko Funtuwa, sau da yawa sai a manna masa fuskar 'yar wasan Indiya a bango? Mun rubuta ƙaunarmu da hannunmu, sa'an nan mun je aron fuskar da za ta sa.

Yanzu sai mu juyo kan masu ashana. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan hikaya na Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a, da sunan gyaran tarbiyya. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga sana'ar saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a wani bidiyon waƙa. Ba mu ce al'umma ba ta da ikon tsare mutuncinta ba, kuma ba mu zo kare batsa ba, domin batsa ma tallan ɗan jari-hujja ce. Abin da muke cewa shi ne ma'aunin mai tacewa da na mai sujada ɗaya ne. Dukansu tazarar da ke tsakanin jiki da jiki kawai suke aunawa. Wancan in ya ga an taɓa sai ya ce wayewa, wannan in ya ga an taɓa sai ya ce halaka. Da irin wannan ma'auni, hoton dattijon da ya sayi yarinya 'yar shekara goma sha uku da buhunan kuɗi zai wuce lafiya lau muddin bai riƙe hannunta ba, littafin da ya tona asirinsa kuwa ya tafi wuta. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma wutar da ta ci littafin Hausa ba ta hana yaro ganin abin da ya fi shi muni sau dubu a wayar hannu ba. Abin da ta rage kawai shi ne muryar gida.

To, ina mafita? Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane, suka ƙi yarda a mai da su 'yan amshin shatan malamansu Turawa. Ba su jefar da dabarun da aka koya musu ba, sai suka ɗora su a kan gadon gidajensu. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Bruce Onobrakpeya ya ɗauki tatsuniyoyin Urhobo ya zama ɗaya daga cikin manyan masu bugun zane na Afirka. A ƙasar Hausa suka yi wannan tawaye, a tsakiyar gidaje masu dagi da zanko. Su sun ga darasin sun kai gida. Mu masu gidan fa?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta daina kashe kuɗin mako na al'adu a kan kaɗe-kaɗe da rabon lemo kaɗai, ta ware wani abu don gasar bugun zane a kan ƙauna da aure a ƙasar Hausa, daɗinsu da ɗacinsu. Katako da wuƙar sassaƙa da tawada ba su fi ƙarfin aljihunmu ba. Muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen zane da su sauko daga bene su je wurin masu gyaran ƙwarya da magina da masu ɗinkin hula, su kuma nemi marubutan littattafan soyayya su yi musu bangon da ya dace da abin da ke ciki. Muna kira ga malamanmu da su koyar da Behrens tare da Vallotton, su koyar da Mucha tare da sunan kamfanin da ya biya shi, su koyar da Tervuren tare da kaburburan nan bakwai. Ku kuma matasan ma'aikata da ke ma'aikatun al'adu da ilmi da watsa labarai, wata rana fayil zai zo teburinku ana neman sa hannunku a hana wani littafi ko wani hoto. Kafin ku ɗauki biro, ku karanta abin tukuna, ku tambayi kanku me yake faɗi, wa ya biya aka yi shi, wa kuma zai ji daɗi in ya ɓace.

Wanda ya ce ba mu san so ba, mu ba shi amsa da aikin hannunmu. Wanda ya zo da ashana, mu zaunar da shi mu biya masa karatun, ko Allah ya sa ya gane. In kuwa muka ci gaba da zama tsakaninsu muna kallo, to, 'ya'yanmu za su tashi ba su da hoton ƙaunar iyayensu ko guda, sai na aro da toka. Allah ya kiyashe mu da wannan, amin.